Lissafin Albashi a Otal: Aikin Jami'in da Baƙo Ba Ya Gani

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san cewa kuɗin da aka yi ciniki a kansa a bakin gona ba shi ne iyakar abin da zai kashe ba. Idan za a yi masa noman firi a gonar gero ko ta gyaɗa, akwai kunun safe, akwai furar rana, wani lokaci har da goro. Idan kuma ruwa ya sauko da hantsi aka tashi, abinci ya riga ya ciwu, aiki kuwa yana nan. Saboda haka manomi mai lura lissafi biyu yake yi, wato abin da zai danƙa wa ɗan ƙwadago a hannu, da abin da aikin zai ci masa gaba ɗaya. Wannan lissafi na biyu ya zama sana'a mai zaman kanta a manyan wuraren aiki, kuma da wuya a sami inda ya fi sarƙaƙiya kamar a otal. Mai yin sa shi ne jami'in kula da albashi da kuɗin ƙwadago.

Manyan otal-otal na Jihar Kano a cikin birni suke, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga Gaya ta hanyar Wudil. Matasan wannan yanki da ke shiga birni neman aiki sun san gadi da wanki da aikin kicin, amma ba kowa ya san akwai wata kujera a ofishin akanta wadda a kanta ake yanke yawan masu gadin da masu wankin, da abin da kowanne zai karɓa ba. Ɗalibin da ya iya lissafin kashi cikin ɗari yana iya hawa wannan kujera.

Daga fatoma zuwa otal

Saukar baƙi don neman abinci ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna sauka a gidan fatoma, ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda masu gidajen saukar fataken shanu da goro suke da dillalai da malaman rubuta ciniki da yaran gida. Sai dai waɗannan ba albashin wata suke jira ba. La'ada ce, da ci da sha, da sutura, da kuma ɗaukar nauyin aure idan lokaci ya yi. In ciniki ya ja baya, abin da kowa zai samu ya ragu da kansa.

Otal na zamani ya zo da tsari dabam. A Kano akwai Central Hotel a titin Bompai tun da daɗewa, sa'annan a zamanin mulkin Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, gwamnatin jiha ta shiga harkar da ƙarfinta, aka samar da otal na Daula a cikin birni, da na tafkin Bagauda, da Rock Castle a Tiga. Daula ya daina karɓar baƙi, na Bagauda kuma ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Yanzu 'yan kasuwa ne ke riƙe da harkar, da irin su Tahir Guest Palace da Bristol Palace. A dukkan irin waɗannan wurare ma'aikaci yana da albashi tsayayye, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. A nan ne matsalar take.

Hajar da ba ta kwana

Manomi yana iya zuba gero a rumbu ya jira farashi ya tashi. Mai otal ba shi da rumbu. Hajarsa ita ce kwanan ɗaki, kuma ɗakin da ya kwana babu kowa a daren Talata ba za a sake sayar da wannan daren ba har abada. Ga shi kuma yawan baƙi ba ya tsayawa wuri guda. A shekarar da aka yi hawan sallah, ko lokacin bikin baje koli na ƙarshen shekara, ko kakar tarurrukan siyasa, ɗakuna sukan yi wuyar samu. Da azumi kuwa ɗakin cin abinci yakan yi tsit da rana, sai gab da magariba aiki ya taso gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne otal ba ya rufewa. Bari mu auna wannan da lissafi. A mako akwai awa 168. Idan ma'aikaci yana aikin awa 8 a rana har kwana 6, ya yi awa 48 ke nan. Raba 168 da 48, za ka sami 3.5. Ma'ana, kujera guda ta mai tarbar baƙi, ko ƙofa guda ta mai gadi, tana bukatar mutum uku da rabi kafin a ce kullum akwai mutum a kanta. Tun da babu rabin mutum, ga kuma hutun shekara da rashin lafiya, sai a ce huɗu. Mai otal da ya ga kujera ɗaya ya ɗauka albashi ɗaya ne ya riga ya faɗi tun bai buɗe ƙofa ba.

Nawa ne kuɗin ma'aikaci guda?

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000 a wata. Kafin nan Naira 30,000 ne tun 2019, kafin ita kuma 18,000 tun 2011. Mu ɗauki mai gyaran ɗaki da ke karɓar wannan 70,000 a otal mai ma'aikata 40, mu bi kuɗin mu ga inda suke zuwa.

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, shi kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, a zuba duka a asusun fanshon ma'aikacin cikin kwanakin aiki 7 da biyan albashi. Idan muka ɗauka dukkan 70,000 ɗin ana lissafa fansho a kansu, za a cire masa 5,600, ya tafi gida da 64,400. Otal kuma zai ƙara 7,000. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora kashi 1 na jimlar albashi, wanda ake biya ga hukumar NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. A nan Naira 700 ke nan. Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ma kashi 1 yake karɓa. Wata 700 ɗin ke nan. Zuwa yanzu mun kai 78,400.

Saura fura da goro irin na otal. A ce abincin da ma'aikaci yake ci a bakin aiki yana cin Naira 1,000 a rana, kwana 26 sun zama 26,000. A ce kayan aiki kala biyu a shekara sun ci 24,000, wato 2,000 a wata. Waɗannan farashi biyu na misali ne kawai, malami yana iya sauya su da na kasuwar garinsa. Jimla ta zama Naira 106,400. Ga shi nan: ma'aikaci ya san 64,400 yake karɓa, otal kuma 106,400 yake kashewa a kansa, tsakaninsu akwai tazarar 42,000, kuma kowanne gaskiya yake faɗa. Ba mu ma sa inshorar rai ba, wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, ba mu sa kuɗin magani ba, ba mu sa albashin wanda zai riƙe aikin ba idan mai shi ya tafi hutu. Rigingimu da yawa tsakanin ma'aikata da masu otal daga rashin ganin wannan tazara suke tasowa, kuma jami'in albashi ne kaɗai yake ganin ɓangarorin biyu a takarda guda.

Game da haraji, otal ne yake cire shi daga albashi ya miƙa wa hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha kafin ranar 10 ga wata mai zuwa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi an yafe masa, kuma dokar haraji ta 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Manaja da babban kuku su ne harajin yake hawa kansu sosai.

Auna hannuwa da yawan baƙi

Rabin aikin wannan jami'i ana yin sa ne tun kafin kowa ya yi gumi. Yana karɓar hasashen yawan baƙi na mako mai zuwa daga ofishin tarbar baƙi, ya mai da shi awoyin aiki, ya zauna da shugabannin sassa a tsara jadawali.

Mu ƙaddara otal mai ɗaki 60. A wata mai kwana 30 yana da kwanan ɗaki 1,800 na sayarwa. Idan an cika kashi 70 cikin 100, an sayar da 1,260. A kan Naira 30,000 kowanne, an sami 37,800,000. A ce dukkan abin da ake kashewa a kan ma'aikata 40, manya da ƙanana, Naira 6,000,000 ne a wata. Wannan kusan kashi 16 cikin 100 ne na abin da aka samu, kuma kowane ɗaki da aka kwana a cikinsa ya ɗauki nauyin Naira 4,762 na ƙwadago. To, sai wata ya zo da baƙi suka ɗauke, aka cika kashi 30 kacal. An sayar da 540, an sami 16,200,000. Ba a ƙara wa kowa ko kwabo ba, amma kuɗin ƙwadago ya haura zuwa kashi 37, kuma nauyin da ke kan kowane ɗaki ya koma 11,111. Waɗannan ma'aunai biyu, wato kason ƙwadago a cikin kuɗin shiga da kuɗin ƙwadago a kan kowane ɗaki, su ne idanun jami'in. Na biyun ya fi faɗin gaskiya, domin na farkon yana iya yin kyau don kawai an ƙara kuɗin ɗaki, ba don an gyara aiki ba.

Sashen gyaran ɗakuna ya fi sauƙin aunawa. Idan gyaran ɗaki guda yana cin minti 30, kuma a cikin awa 8 an fitar da awa ɗaya ta salla da cin abinci da ɗauko kaya, mutum guda zai gyara ɗaki 14. Ranar da aka kwana a ɗaki 42, mutum 3 sun isa. Ranar da otal ya cika maƙil, 60 a raba da 14 ya ba da 4.3, sai a sa 5. Ranar da aka kwana a 18 kawai, mutum 2 sun isa. Dabara ita ce a jera ranakun hutu da hutun shekara su faɗo a kan ranakun da babu baƙi. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci aƙalla kwanakin aiki 6 na hutu da albashi bayan ya cika wata 12, da yini guda na hutu a kowane mako, amma ba ta hana a zaɓi lokacin da ya dace da aiki ba. Mai gadi da mai kula da janareta kuwa ba a rage su, ko baƙo ɗaya ne ya kwana.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wannan ofis: a biya kuɗin ƙarin lokaci ne, ko a ɗauki sabon mutum? Mai albashin 70,000 da ke aikin awa 208 a wata, awarsa ta tashi kimanin Naira 337. Doka ba ta yanke farashin ƙarin lokaci ba, yarjejeniya ce ke yankewa. A ce ninki ɗaya da rabi ne, wato 505. Idan mutum 10 suna ƙara awa 2 kullum har kwana 26, an tara awa 520, kuɗinsu 262,600. Waɗannan awoyi aikin mutum biyu da rabi ne, wanda a kan 106,400 zai ci 266,000. Kusan kunnen doki aka yi. A irin wannan hali alƙalami ya gama nasa, sai a duba abin da ba ya shiga jadawali: shin cunkoson na mako biyu ne ko ya zo zama, kuma shin kukun da ya yi awa 10 a gaban wuta kullum zai kai ƙarshen wata bai ƙone hannu ba?

Ƙarshen wata

Ɗaya rabin aikin shi ne biyan kowa haƙƙinsa daidai, a kan lokaci. Ana farawa da rajistar zuwa aiki, ko ta littafi ce ko ta na'urar ɗaukar zanen yatsa, a gwada ta da jadawali, a gwada da takardun ƙarin lokaci da shugaban sashe ya sa wa hannu. Sai a shigar da sababbin ɗauka, a fitar da waɗanda suka bar aiki, a cire bashi da fansho da haraji, a shirya baucan albashi. Kowane adadi ana rubuta shi sau biyu, a inda ya fito da inda ya shiga, bisa tsarin da Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a birnin Banis na Italiya a 1494. Otal-otal suna da nasu ƙarin tsari, wanda ƙungiyar masu otal ta birnin New York ta fara bugawa a 1926 kuma ake ta sabunta shi. Muhimmin abin da ya koyar shi ne a ɗora albashin kowane ma'aikaci a kan sashensa, na ɗakuna dabam, na abinci dabam, domin a san sashen da ke ciyar da wani da wanda ake ciyarwa.

Babbar cutar da ake tsoro ita ce ta ma'aikatan bogi, wato sunan da ke karɓar albashi babu mai shi, ko na wanda ya bar aiki tun watanni ba a goge ba. Wannan cuta ce ta sa gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin IPPIS a 2007, kuma lambar banki ta BVN da aka fara a 2014 ta sa ya yi wuya mutum guda ya karɓi albashi da sunaye da yawa. Amma maganin da ya fi kowanne tsufa shi ne raba aiki: wanda ya ɗauki ma'aikaci dabam, wanda ya lissafa albashi dabam, wanda ya sa hannu a biya dabam. Jami'in da ya ce a bar masa duka ukun don sauƙi, ko da mutumin kirki ne, ya cire wa kansa shaida ranar da odita ya zo.

Abubuwa biyu sun fi jawo ƙorafi. Na farko shi ne kuɗin hidima, wanda otal-otal da yawa suke ƙarawa a kan takardar baƙo, galibi kashi 10, da sunan za a raba wa ma'aikata. Wannan dabam yake da harajin VAT na kashi 7.5 da ke tafiya ga gwamnati. Inda babu rubutacciyar ƙa'idar rabo da kowa ya sani, zargi ba ya ƙarewa. Na biyu shi ne cire kuɗin ɓarna, kamar farantin da sabis ya fasa ko tawul da ya ɓata. Dokar Ƙwadago ba ta bar mai otal ya yi tara yadda ya ga dama ba. Sai ɓarnar da aka yi da gangan ko da sakaci, sai kuma da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimlar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ma'aikata da yawa ba su san da wannan ba. Jami'in albashi ya sani, kuma a ganina wajibinsa ne ya faɗa wa manaja tun kafin a rubuta.

Lokacin da lissafi ya ƙi

Shekarun baya-bayan nan sun gwada masu wannan aiki. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano saboda annobar korona, ɗakuna suka zama fayau, albashi kuwa yana jiran a biya. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, albashin da ake da shi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Sa'annan ƙarin 2024, daga 30,000 zuwa 70,000, ya zo da hauhawar kashi 133 cikin 100 a kan mafi ƙanƙantar albashi, kuma in an ɗaga na ƙasa dole a taɓa na sama da shi, in ba haka ba mai wanke kwanoni zai kamo kuku. A Amurka da Turai albashi ne babban abin da otal ke kashe wa kuɗi. A nan man dizal da wutar lantarki suna kokawa da shi, kuma mai sayar da dizal ba ya karɓar uzuri. Don haka idan aka matsu, wuyan ma'aikaci ake fara dubawa.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sallami mutane, ko a mai da su 'yan aikin wucin gadi marasa fansho. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ƙananan masaukai irin na garuruwan da ke wajen birni yawanci ba ta shafe su ba. Amma kora tana da nata kuɗin da ba a cika rubutawa ba. Sabon mai gyaran ɗaki ba zai gyara 14 a makonsa na farko ba, sai an koya masa, an ɗinka masa kaya, kuma baƙon da ya tarar da banɗaki da datti ba ya yin gardama, otal kawai yake sauyawa. Ƙwararren jami'i yakan kawo wa mai otal lissafin hanyoyi da dama: a rufe hawa guda na bene a huta da wutarsa, a koya wa sabis tarbar baƙi domin ya riƙe wuri biyu, a tura mutane hutun shekara a watan da babu ciniki, a dakatar da ɗaukar sababbi. Bayan kowane layi na baucan akwai gida, wataƙila a wani ƙauye na Ajingi, da ke jiran saƙon banki kafin a sayi taki.

Hanyar shiga sana'ar

Ɗalibin sakandare da ke sha'awar wannan aiki ya riƙe lissafi da Turanci da darasin akanta da tattalin arziki. Ana karanta akanta a Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, sa'annan a nemi shaidar ƙwarewa daga ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko daga ANAN. Cibiyar koyar da harkar otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana horar da masu son sanin aikin otal kansa. Kwamfuta ta ɗauke wahalar tarawa da debewa, amma abin da aka ba ta shi take maidowa, don haka wanda bai iya yin lissafin da hannu ba ba zai gane ranar da ta ba shi shirme ba. Yana da kyau kuma mutum ya taɓa ɗaukar tire ko ya gyara gado, domin wanda ya yi haka ba zai rubuta minti 15 a inda aiki ke cin 30 ba. Sai riƙe sirri: jami'in ya san albashin kowa, da bashin kowa, da wanda kotu ta sa a riƙa cire masa kuɗin ciyarwa, kuma babu ɗaya daga ciki da ya kamata a ji a majalisa.

Ga wani lissafi da malamai za su iya bai wa ɗalibai a aji. Wani masauki a kan hanyar Wudil zuwa Gaya yana da ɗaki 24, kowanne Naira 12,000 a dare, kuma yana kashe 1,300,000 a wata a kan ma'aikatansa. Mai shi ba ya son kuɗin ƙwadago ya wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin shiga. Kwanan ɗaki nawa zai sayar a wata mai kwana 30 kafin ya cim ma haka, kuma kashi nawa ke nan na ɗakunansa? Idan kuma ranar Alhamis, jajiberin kasuwar Wudil, masaukin yana cika, sauran kwanaki ɗaki 10 kawai ake kamawa, shin zai kai?